Falalu Mai Waya da Darar da Aka Koya wa Sata

Kafin motar farko mai zuwa Maraɗi ta cika a tashar Agiye, Malam Falalu ya riga ya buɗe rumfarsa. 'Yar rumfar kwano ce, matse tsakanin mai shayi da mai facin taya, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Yakan share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur don kada wata 'yar ƙusa ta faɗi ta ɓace, sa'an nan ya jera kayan aikinsa yadda ya jera su jiya da shekaranjiya. Daga ƙarshe sai ya sa tabarau, ya ɗora wani a kansa. Mu da muke shan shayi a gefe mun daɗe muna yi masa tsiya a kan tabarau biyun nan, muna ce masa Mai Ido Shida. Ba mu san abin da muke yi wa dariya ba sai bana.

Gyaran waya aka rubuta a allon rumfar, amma masu gyaran waya ai sun cika gari. Abin da ya raba Falalu da su shi ne ba ya miƙa maka wayarka ya ce sai an jima. Dole ka zauna a benci, ka riƙe ta a gabansa, ka nemo suna, ka kira wani, shi kuwa ya zuba wa yatsunka ido. Da ya ga ka yi tuntuɓe a wani wuri sai ya karɓe ta ya sake kwancewa. Direbobi masu gaggawa har zaginsa suke yi a bayan ido, gobe kuma ka gan su a kan bencin.

Akwai wata tsohuwa, Habi, da ke zuwa daga Sae Sabuwa ranar kasuwa. 'Ya'yanta uku duk suna nema a waje, ɗaya a Kano, ɗaya a Agadas, autan a Libiya. Ba ta karatu, don haka in waya ta yi ƙara ba ta san wa ke kira ba sai ta ɗaga. Falalu ya ba kowane ɗa kukansa. Na Kano carar zakara, na Agadas kukan akuya. Da aka zo kan autan sai ta ce yaron ya bar tantabaru a gida, ita ke ba su hatsi. Falalu ya hau babur ya je har ƙauyen, ya tsuguna a gindin akurki ya ɗauko kukansu a waya. Bana da ake ta jin labarin tashin hankali a Libiya, Habi tana yini da wayar ƙulle a bakin zane tana jiran tantabaru. Wahalar ɗaya ce, in na gasken suka yi kuka a tsakar gida sai ta zabura ta hau lalube.

"Wanda ya ƙera wayar ga bai san Habi ba," in ji Falalu. "Ni na san ta."

Haka ya yi wa wani dillalin shanu na Gazawa mai kaurin yatsu, wanda in ya danna ɗaya sai uku su dannu. Ya tattara masa duk mutanen da yake kira a kan maɓallai huɗu masu nisa da juna. Haka ya yi wa liman, wanda ba ya son ƙara ko kaɗan. Shi kansa kuwa, mai gyara ta kowa, wayarsa wata tsohuwa ce ɗaure da roba, fuskarta ba launi. An yi an yi ya sake ta ya ƙi. Wai ita kaɗai ce ba ta tambayarsa ko ya tabbata in ya ce ta yi abu.

Bai fara da waya ba. Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, lokacin da kowane ƙauye ke son jin abin da ake faɗa, ya baro lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi ya zauna gyaran rediyo a wannan tashar. Bayan wasu shekaru ya samu talabijin da wata na'urar wasa, yara na taruwa suna tseren motoci a kan titunan wata ƙasa mai ƙanƙara. Yakan tsaya a bayansu yana kallo, abin na cin ransa. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ta zuba ba ya san yadda mota ke sulɓi a kanta, amma ba wanda ya taɓa sa masa hanyar Gidan Sori a cikin akwatin. Da wani buro, ofishin masu aikin raya karkara, ya tashi, aka bar wata tsohuwar kwamfuta, Falalu ya ɗauko ta a amalanke tare da wani littafin Faransanci da bangonsa ya cire. Shekara uku yana fama kafin ya sa ɗigo ɗaya ya motsa daga hagu zuwa dama. Ranar da ɗigon ya motsa ya kira mai shayi ya gani, mai shayi ya duba ya ce, "To, sai mi?"

Daga ɗigon nan ne aka samu wasan amalanke, inda kake kauce wa ramuka kada buhun wake ya faɗo, jakin kuma yakan tsaya cak in ka cika dukansa. Daga shi aka samu na korar tsuntsaye a gonar gero. Ya tura su cikin wayoyin mutane kyauta, suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har Gidan Rumji. Ba ko ɗaya da ya sa wa sunansa.

Kai ne, Falalu, ka ɗauki abin da aka ƙera wa duniya baki ɗaya ka mai da shi na mutum ɗaya. Kai ne ka san wanda kunnensa na hagu ya yi nauyi, da wadda ke tsoron jan maɓalli, da wanda ke jin kunyar a gane bai iya karatu ba. Shekara ashirin kana kallon yatsunmu, mu ba mu taɓa kallon idonka ba.

Bara, bayan kaka, sojoji na riƙe da mulki sun sa ranar zaɓe, gari ya cika da motocin 'yan siyasa, wayoyi na ta lalacewa saboda yawan kira. A cikin wannan hada-hada Falalu ya je Maraɗi ganin likita. Aka gaya masa idon dama ya kusa tafiya, na hagu kuma zai bi shi in bai daina ƙura wa ƙananan rubutu ido ba. Bai gaya wa kowa ba sai mai ɗakinsa. Ya yanke a ransa da an gama zaɓe zai rufe rumfa, kafin nan kuma ba zai sake kunna kwamfutar ba.

Kwana tara da yanke wannan shawara sai ga wata mata mai suna Baturiya ta tsaya a bakin rumfar ba waya a hannunta. 'Yar Kawu Jaye ce, wani tsohon manomi da kakanninsa suka ajiye sandar kiwo suka kama fartanya, wanda duk Agiye ta san shi da dara. Shekara arba'in yana buga ta a gindin wani gawo da mutum ɗaya, Ɗanmalam mai sayar da gishiri. Gurabe talatin a rairayi, Kawu da ƙwallayen aduwa goma sha biyu, Ɗanmalam da tsinkayen kara goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa ɗaya. Ɗanmalam ya rasu ana cikin yankan gero.

"Malam Falalu, Baba ne," in ji Baturiya. "Tun da abokinai ya rasu bai sake taka gindin gawo ba. Shina nan zamne cikin zaure, bai magana, hura ma sai mun yi da gaske. Ina tsoron shi bi shi. An ce kana sa wasa cikin salula. Ko ka sa mishi dara?"

"Ai akwai masu dara gindin gawo, sun hi goma."

"Sun zo, sun roƙe shi. Ya ce shi darar mutum guda ya iya."

Falalu ya cire tabarau na sama, ya goge, ya mayar. Ya san abin da likita ya ce, ya kuma san Kawu Jaye tun yana kawo masa rediyo a cikin jakar fata. Ya ce mata ta ba shi lokaci.

Ya gane tun farko cewa dara kawai ba za ta wadatar ba. Ba wasa tsohon ya rasa ba, mutum ya rasa. Saboda haka ya rufe rumfa da la'asar ya tafi gindin gawo da takarda, ya zauna cikin tsofaffi yana tambayarsu yadda marigayi ke buga dararsa. Suka ba shi labari har da ƙari. Ɗanmalam yakan fara dasa tsinke a kusurwar hagu. Ba ya gaggawa, sai ya ɗaga tsinke ya riƙe shi a sama har ka ƙosa. Yana son tsare gefe ya bar maka tsakiya. Mutum ne mai haƙuri, mai gaskiya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, Allah ya jiƙansa. Falalu ya rubuta duka, bai lura da yadda wasu ke sunkuyar da kai suna wasa da ƙasa ba.

Wata biyu ya yi a kan aikin, idon na zubar da ruwa yana sharewa. Ya zana gurabe masu girma don tsohon ido, ya yi wa ƙasan launin rairayi, ya sa tsinke ya riƙa tsayawa a sama kafin ya sauka. Ranar da ya gama ya kai wa Kawu har zaure a cikin wayar Baturiya, ya nuna masa maɓallan. Tsohon ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya karɓa don kunyar baƙo, ya buga sau biyu, ya ci ɗaya aka ci shi ɗaya. Sa'an nan ya miƙo wayar da hannu biyu.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Wanga mutumin kirki ne. Amma ban san shi ba."

Falalu ya koma tasha. Ya ƙona wata biyu na ɗan ganin da ya rage masa, ga shi bai san inda ya kuskure ba. Ya duba takardarsa ya sake dubawa, duk abin da tsofaffi suka faɗa yana cikin wasan. Abin ya tsaya masa a rai har ya daina amsa mana tsiyarmu ta safe.

Amsar ta zo masa da ƙafarta. Indo, matar marigayi, ta fita takaba, ta kawo wayar mijinta a ƙara mata ƙarfin ƙara don ita za ta riƙa riƙewa. Tana zaune a benci ya ba ta labarin abin da ya yi da abin da Kawu ya ce.

"Inna, duk abokan zamansu na tambaya. Sun ce mai haƙuri ne, mai gaskiya, ba a taɓa jin kanshi da kowa ba."

Indo ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka hau rawa. Falalu ya ɗauka kuka ya sa ta, ya fara ba ta haƙuri. Ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo.

"Ɗan nan, wa za ya hwaɗa maka aibin mamaci? Maigidana Malam, Allah shi jiƙan shi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba a kasuwa, mudunai cike yake. Amma ga dara ɓarawo ne na gaske."

Ta kwashe labari ta gaya masa. Jaye mutum ne da bai iya amsa gaisuwa a taƙaice ba. In mai wucewa ya yi sallama sai ya juya da jikinsa duka, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi shanu, har saniyar da ta yi ɗingishi bara sai ya tambaya. To a nan ne Malam zai sa ɗan ƙaramin yatsa ya tura tsinke ɗaya gurbi na gaba. Ba kullum ba, sai in ya ga za a ci shi, kuma yakan bari a kwana biyu don Jaye ya saki jiki. Jaye na waiwayowa zai ƙirga ya ce an taɓa. Malam ya ce ba a taɓa ba, ido ne ya tsufa. Bai taɓa haɗawa da rantsuwa ba, wannan kam ta shaide shi. Sai rigima ta kaure har a kira magariba, kowa ya tashi yana cewa shi da dara har abada.

"Wanshekare kuwa ko hura bai iya shanyewa don gaggawar tahiya," in ji Indo. "Shekara arba'in. Darar ba ta dame su ba, ɗan nan. Rigimar ce abincinsu."

Sai a nan Falalu ya gane. Tsofaffin gindin gawo ba su yi masa ƙarya don mugunta ba, sun rufa wa mamaci asiri ne kamar yadda aka koya mana duka. Shi ma da ya tashi a garin nan ya kamata ya san haka. Amma yanzu wani abu ya dame shi. Shi mutum ne da ko ƙusa ɗaya ta rage a tebur sai ya bi mai waya har mota ya ba shi.

"Inna, in na koya ma na'ura sata da sunan wanda ke kwance cikin kabari, ban ƙara mishi nauyi ba?"

"Ni dai na yarda," in ji ta. "Amma haƙƙin ba nawa ba ne. Na Jaye ne."

Ya koma kan kwamfuta. Mai ɗakinsa ta ɓoye igiyar wuta sau biyu, sau biyu yana lallashinta ta fito da ita. Ya gaya mini daga baya cewa koya wa na'ura cin dara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don cin dara lissafi ne. Sata irin ta mutum ɗaya kuwa sai ka san halinsa. Ya lura cewa in mai waya ya daɗe bai danna komai ba, hasken fuskarta yakan ɗauke. Sai ya sa wasan ya riƙa jiran wannan ɗaukewar. In haske ya ɗauke, kuma tsinkaye na cikin matsi, kuma an yi wasa uku ko huɗu ba a taɓa komai ba, sai tsinke ɗaya ya gusa gurbi ɗaya tak. Ya ajiye maɓallin tauraro don mai son a mayar. Sati biyar ya yi. Kafin ya gama, idon dama ya daina bambanta baƙi da shuɗi.

Ana saura kwana kaɗan zagaye na biyu na zaɓe ya koma zauren da la'asar. Bai gaya wa Kawu abin da ya sake ba, ya ce dai ya ɗan gyara. Baturiya ta fito da tabarma ƙofar gida, ta lallaɓa tsohon ya fito. Ya buga wasa na farko ba walwala, ya buga na biyu. A na uku ya matse tsinkaye a gefe, saura motsi biyu ya jera uku. Sai ga wani maƙwabci, Rabilu, ya biyo da amalanke ya yi sallama. Kawu ya juya da jikinsa duka. Gida lafiya, yara lafiya, yaya mai jiki, jakin nan har yanzu shina cizo? Hasken wayar ya ɗauke a hannunsa. Falalu ya ƙura wa wayar ido kamar shi ne zai yi satar.

Rabilu ya wuce. Kawu ya waiwayo ya danna, haske ya dawo. Ya duba. Ya matso da wayar kusa da fuska, leɓunansa na motsi yana ƙirga.

"Wanga tsinke ba nan yake ba."

Muryar da ya faɗi haka da ita, Baturiya ta ce rabonta da jin ta tun kafin kaka. Ya ɗago kai da sauri ya dubi ɗaya gefen tabarmar, baki buɗe, rigimar ta riga ta zo masa har kan harshe. Ba kowa a wurin.

Falalu ya ce a hankali, "Kawu, in ka danna tauraro za shi maida shi."

Tsohon bai danna ba. Hawaye suka bi ta cikin gemunsa.

"A'a. Bar shi inda ya aje shi. Shekara arba'in shina min haka, kullum ina ce mishi ban yahe ba, don gobe shi dawo mu ƙarasa. Ban san ba za ni samu in hwaɗa mishi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ku shaida, na yahe mishi, duniya da lahira."

Ya ci gaba da wasan a haka, aka ci shi. Sa'an nan ya tambayi Baturiya ko akwai sauran fura.

An yi zaɓe, sojoji sun miƙa mulki, Falalu ya rufe rumfa kamar yadda ya ƙudura, ya ba wani mai gyara a Gazawa kayan aikinsa. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya karanta jawabi. Mai shayi ne kawai ya ce safiya ta yi masa faɗi. Mu kuma da muka saba miƙa masa waya mu ce ta ƙi, yanzu sai mu tsaya a bakin ƙofar kwanon da aka garƙame muna juya ta a hannu. Muna kewarka, Falalu, ba mu kuma san za mu yi ba.

Mun gode maka. Mun gode da tantabarun Habi, da jakin da ke tsayawa in an cika dukansa, da idon da ka kashe don wani tsoho ya sake jin yunwa. Allah ya ja da ranka, ya tsare maka na hagun. Ku kuma samarin da ke buɗe rumfunan waya daga Agiye har Gidan Rumji, da waɗanda za su zo su ƙera mana wasanni da harshenmu, ku yi koyi da shi. Ku zaunar da mai waya a benci ku kalli yatsunsa. In za ku yi wa mutum abu, ku nemi wanda ya san shi har da aibinsa, don sau da yawa aibin ne ake kewa.

Kawu Jaye ya koma gindin gawo. Da kansa ya je gidan Falalu ya jawo shi, ya ce guraben rairayi manya ne, ko mai ido ɗaya na ganinsu, na'ura kuma ba ta iya musu ba. Yanzu Falalu ke riƙe da tsinkayen kara, kuma a gaskiya bai iya dara ba, kullum cin sa ake yi. In kun biyo ta Agiye da la'asar ku tsaya ku yi musu sallama. Kawu zai juya da jikinsa duka, ya tambaye ku gida da yara da shanu, ya ja gaisuwar fiye da yadda take bukata. Sa'an nan ya waiwayo ya bi gurabe ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga. Kullum sai ya tarar ba a taɓa komai ba.